Yadda iska ta kwantar min da tumatir 12 a dare ɗaya

1/
Duk mai tumatir a bayan gida ya tsaya ya karanta wannan. Hutun damina na karɓi kuɗin cefanen Umma na sayi iri da taki, har da cika baki wai ta gama sayen tumatir bana. 😭

2/
Na dasa guda 12 a buhunan siminti. Ashe irin mai tsawo ne, wanda ba ya daina girma, yana iya wuce mita 2. Ni kuwa na ɗauka gajeren nan ne irin Roma na fadama. Da suka fara sunkuyawa sai na tokare su da karan dawa.

3/
Gara ta cinye karan ta ƙasa ban sani ba. Wani dare a Agusta aka yi ruwa da iska, da asuba na tarar duk sun kwanta. 5 sun karye daga gindi, 'ya'yan da suka taɓa laka suka fara ruɓewa. Umma cewa kawai ta yi "Allah ya mayar da alheri." Wallahi gara ta yi min faɗa.

4/
Kawu ne ya ceci sauran, shi manomin rani ne. Ya ce, "Yaro, ranar dashe ake kafa sanda. In ka bari ya girma, saiwarsa za ka tsinka."

5/
Abin da ya koya min:
Gora ko busasshen icce mai ƙwari, mita 2.
A kafa ta shiga ƙasa kamar santimita 30, tazarar yatsu huɗu daga gindi. In a buhu ne, a kafa a ƙasa gefen buhun.

6/
Ɗauri kuma da tsumman atamfa, ban da waya ko igiyar leda, suna yanka kara. A yi shi kamar lamba 8: tamau a jikin sanda, sako-sako a jikin tumatir, don karan zai ƙara kauri. Duk taƙi ɗaya a ƙara wani.

7/
A riƙa tsinke tohon da ke fitowa tsakanin ganye da kara tun yana ƙarami, da ganyen da ke taɓa ƙasa.

8/
7 suka rayu. Na koma makaranta kafin su nuna, Umma ce ta ci gaba da ɗaurin da tsohon zaninta. Jiya ta kira ni, wai an yi miya da "tumatirinmu". Bashin cefane dai ta ce yana nan. 😂