Alƙalin da ba a naɗa ba

Kalmar alƙali tana da nauyi a Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, mutum ba ya wayar gari ya ce shi alƙali ne. Fada ce ke naɗa shi, kuma daga naɗin nan hukuncinsa ke samun ƙarfi. Da wasannin zamani suka shigo, wannan sunan muka ba mai busa usur, muka ɗora masa nauyin da ke tare da shi.

A da, kokowa ba ta san wannan tsari ba. In an gama girbin hatsi, samari su fito dandali, makaɗa su ɗauki ganga, dattijan da suka taɓa ɗaura warki su faɗi wanda ya yi kaye. A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka buɗe gasar takobi ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Daga nan kokowa ta samu hukuma da dokoki a rubuce da alƙalai masu horo. Yau jahohi 8 ke turo ƴan kokowa goma-goma, kuma ko a fagen Langa-Langa na Zinder, alƙali ba ya shiga sai an sa shi.

To, amma kokowar ƙauye ba ta mutu ba, haka ma ƙwallon unguwa na lokacin babban hutu. Sai ka ga mutanen wani gari a ƙasar Mirya ko Magarya sun aiko wa alƙali mai takardar shaida, sau da yawa malamin makaranta, cewa ya zo ya raba musu gardama. Hukumarsa ba ta tura shi ba, ba ta ma san da wasan ba. Ya je ko ya ƙi?

Na san zafin ƙin. A wurinmu, wanda aka aiko wa goron gayyata ya ce sai ya nemi izini, ana ɗaukarsa mai girman kai. Kuma in gwani bai je ba, ɗan garin ne zai riƙe usur, alhali kowa ya san inda zuciyarsa take. Na taɓa ganin wasan samari da ya ƙare da jifa saboda haka.

Duk da wannan, ina ganin dokar hukuma tana da hujja. Dalilin da ya sa kwamitin alƙalai ke tura mutum shi ne kada mai wasa ya zaɓi mai yi masa hukunci. Wanda ya gayyace ka, ya ciyar da kai, ya ba ka kuɗin mota, da wuya ka yanke a kansa ido-rufe. Ko ka yi gaskiya, baƙi ba za su yarda ba. Sannan in yaro ya karye ko rigima ta tashi, wa zai karɓi rahoto, wa zai tsaya wa alƙalin? Wanda ya sa rigar hukuma ba da saninta ba, mutuncin dukan abokan aikinsa ya ɗauka ya kai kasuwa.

Mafita tana cikin al'adarmu. Magabata sun bambanta shari'a da sulhu: ta farko sai wanda aka naɗa, na biyu kowane dattijo na iya yi. Alƙalin da aka gayyata ya sanar da shugabanninsa tukuna. In sun amince, ya tafi da rigarsa, ya dawo da rahoto. In dokarsu ta hana, ya haƙura, ya faɗa wa masu gayyata dalili, domin shi ya karɓi dokar da hannunsa ranar da ya karɓi takarda.

Sai dai hukumomi ma da nasu. Hani kawai ba ya kai adalci ƙauye. Ya kamata rassan jaha su sauƙaƙa neman alƙali, ta yadda kiran waya ɗaya daga mai gari ko ƙungiyar samari zai isa. Mu kuma malamai da ƙungiyoyin al'adu, mu da ke shirya yawancin waɗannan wasanni, mu riƙa neman alƙali tun ranar da muka nemi makaɗa.