Rumbun Yusufu da Rumbun Wawa

Mu da muka tashi a gidajen Hausawa Kiristoci tsakanin Malumfashi da Kafur, tun kafin mu iya haɗa baƙi da wasali mun san wane ne wawa a Littafi Mai Tsarki. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma wanda bai shiga boko ba. Mutum ne mai gona, mai iyali, wani lokaci har da rawani, sai dai ba ya jin magana kuma ba ya tuna watan Agusta.

Majami'armu ta ƙasa ce, kujerunta ma dakalin ƙasa ne, ƙararrawa kuwa tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin ɗorawa. Malamin da ke mana karatu yana riƙe da tsohuwar fassarar nan ta 1932, bangonta ya yi laushi har sai da matarsa ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa. Shi ma manomi ne, da kaushi a hannu. Idan ya karanta wurin da Sulemanu ya tura rago ya je ya koyi aiki wajen tururuwa, ba ya ƙara ko kalma. Sai ya ɗaga kai ya dubi layin samari, majami'a ta kwashe da dariya, don kowa ya san gonar wa ciyawa ta ci.

Sai ga shekarar 1975, aikin gona na Funtua da Bankin Duniya ya sa wa hannu ya iso mana da takin zamani mai araha, da sabon iri, da malaman gona a kan babura. Masara, wadda da a bayan gida ake shuka ta don yara su gasa, ta koma abin aunawa da buhu. Kuɗi suka shigo hannun mutanen da a da sai an kai auduga fuloti suke ganin takarda. A lokacin ne karatun Lahadi ya fara taɓa aljihun mutane.

Kawuna yana cikin waɗanda masara ta ɗaga. Da kaka ta yi, ya kwashe kusan duka ya kai kasuwar Bakori, ya dawo da babur da rediyo da bandir na kwano. Mu yara mun ɗauke shi sarki. Da marka ta sauka, sai ga matarsa da ƙwarya a ƙofar kakarmu tana raɓe-raɓe. Kaka ta auna mata dawa, ta ce, "Ki ce wa mai gidan naki in gobe kun ji yunwa, ya kunna muku rediyo."

Wannan wautar mai sauƙin ganewa ce. Wadda ta hana dattawanmu barci ita ce ta biyu. Akwai wani a unguwarmu da bai taɓa sayar da ko tiya ɗaya da kaka ba. Shi yake sayen hatsin mutane lokacin da farashi ya faɗi, ya cika rumbuna, ya jira damina ta yi tsakiya, sannan ya ba da falle: ka karɓi kuɗi kaɗan yau, ka biya da dammuna masu yawa idan an girbe. Da aka yi masa magana, sai ya kare kansa da Nassi. Ai Yusufu ma haka ya yi a Masar, in ji shi, shekara bakwai yana tarawa, ana kuma yabonsa. Dattawa suka ce to mai arzikin nan na Luka sura 12 fa, wanda ya rushe rumbunansa ya gina manya, Allah ya kira shi wawa ya karɓi ransa a daren? Shi ma tarawa ya yi. An kwashe damina guda ana wannan gardama a gindin ɗorawa bayan sujada, har wani maƙwabcinmu Musulmi, wanda ya san ƙissar Annabi Yusuf ciki da waje, yakan ajiye fartanya ya sa baki. A ganina Kaka ce ta fi su kusa da gaskiya, ko da yake ba ta iya karatu ba. Ta ce rumbunan duka cike suke, sai dai a je a duba wanne aka buɗe ranar da maƙwabta suka kwana da yunwa, da kuma farashin da aka buɗe shi.

Batun shugabanci kuwa, ba daga fadar Galadiman Katsina a Malumfashi muka fara ganinsa ba, daga gandu ne. Wani dattijo ya rasu ya bar wa babban ɗansa gandu da ƙanne magidanta. Tsofaffi suka kira shi suka ce, "Ka sassauta musu. Ka bar musu ranakun gayaunarsu, ka biya musu haraji kamar yadda tsoho yake yi, za su riƙe ka." Abokansa na teburin mai shayi suka ce in ka sake tun yanzu sun raina ka. Ya bi ta abokai. Kafin shuka ta zagayo an raba gona da igiya, kowa ya kafa murhunsa. Lahadin da ta biyo baya Malam ya karanta labarin Rehobowam ɗan Sulemanu, wanda ya ƙi shawarar dattawa ya bi ta sa'o'insa, kabila goma suka juya masa baya. Ko da gangan ne ko dacewa, bai ambaci sunan kowa ba, babu kuma wanda ya yi dariya ran nan.

Yanzu an samu abin da iyayenmu ba su yi mafarkinsa ba: a 2023 aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka kuma naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, ya zama bishop ɗinsa na farko. Amma rumbun ƙasa ya yi ƙaranci, buhu da maganin ƙwari sun gaje shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafin ya juye. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara har suka taɓo namu, cikakken rumbu ya zama abin da ake ɓoyewa, don ba a san wanda ke kai rahoto daji ba. Ɗan Kawu, wanda ya fi ubansa natsuwa nesa ba kusa ba, bara shi ma ya kwashe masararsa ya sayar tun da kaka, ya zuba kuɗin a banki a Funtua, yana sayen tiya-tiya da tsada har damina ta fita.