Kwanon Kunu

Da yammacin Talata na hango 'yan zumuntar mata uku, zanensu iri ɗaya, sun ratsa lungu da kwanon kunu, za su dubiyar wata tsohuwa da ta kwana biyu ba ta leƙa majami'a ba. Sai hankalina ya tafi ga tarihin bishara a ƙasar nan, yadda ya riƙe sunan Bingham da ya sauka Legas a 1893, da Likita Miller na Zariya, da fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Amma ƙauyukan da mota ba ta shiga fa, wa ya kai musu? Ina jin manoma ne da 'yan koli da ungozomai, masu karanta wa maƙwabta aya bayan tuwon dare, ba albashi, ba wanda ya rubuta sunansu.