Yaron da na kora saboda kiɗan tebur

A hutun damina da ya wuce wani Alhaji ya yi mini sallama a gida bayan la'asar, fuskarsa a murtuke. Ɗansa tsohon ɗalibina ne, na koyar da shi a CM2 lokacin ina wani ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi, a bakin Gulbin Kaba. Yanzu yana Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, a sashen fasaha da al'adu. Ko zama Alhaji bai gama yi ba ya ce: "Mushe, kai ya fi jin maganarka. Na sayar da gero da awaki na kai shi Yamai, ashe roƙo zai koyo mini? Mu ba mu gaji kiɗa ba."

Abin da ya tayar masa da hankali shi ne yaron ya zo hutu da ƴar na'urar ɗaukar murya, kullum yana zaune a zauren wani tsoho mai gangar noma. Mutanen gari sun gani, sun kuwa kai labari.

Ban iya ba shi amsa nan take ba, don ni ma ina da laifi. Wannan yaron sau uku ina korarsa daga aji saboda kiɗa tebur da yatsu. A makarantar horon malamai an koya mana darasin waƙa, amma waƙoƙin Faransanci ne. Ba wanda ya taɓa ce mana ganga abin nazari ce.

Washegari na bi yaron zuwa zauren. Tsohon ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni, fatar gangar ma ta saki sai da aka shanya ta a rana. Da ya fara, sai na gane abin da yaron ke nema. Kowane manomi na kirki a garin yana da takensa, kuma tsohon yana riƙe da su duka a ka, har na waɗanda suka rasu tun zamanin Kunce. Yakan kaɗa, ya tsaya, ya faɗi mai taken, da gidansu, da gayyar da ya yi suna a cikinta. Yaron yana rubutawa, yana tambaya: "Baba, me ya sa wannan ya fi sauri?" Tsohon ya ce ai kiɗan yana bin hauya ne. A jigawarmu a tsaye ake noma, ana tura hauya mai dogon ƙota gaba ana jawowa, saboda haka bugun ba zai yi daidai da na masu duƙawa da fartanya ba. Shekara ashirin ina koyarwa a wannan ƙasa, ban taɓa lura da haka ba. Daga wannan motsi ne yaron da abokansa suke son tsara rawar da za su nuna a ƙarshen shekara, bayan rubutaccen aikin.

Gayya kuwa ta ja baya, yanzu ƴan ƙwadago ake biya. Ƴaƴan tsohon suna Aljeriya da Agadas, babu wanda ya ɗauki gangar.

Da na koma wurin Alhaji, labarin Malam Mamman Barka na ba shi. Malamin makaranta ne kamar ni, haifaffen Tesker, mai kiɗan gurmi. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin Buduma mai iya biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar. Ya zauna ya koya, ya kai biram har Turai kafin ya rasu a 2018. Na kuma gaya masa cewa littafin da aka yi a 1989 kan girkar bori ta ƙasar Maraɗi, wani Bajamushe ne, Veit Erlmann, ya rubuta shi tare da Habou Magagi. In baƙo ya zo da takarda da alƙalami sai mu shimfiɗa masa tabarma, mu ce bincike yake yi. In ɗanmu ne, sai mu ce ya lalace.

Ban ce damuwar Alhaji banza ba ce. Tambayarsa ta biyu ta fi ta farko nauyi: "To in ya gama, wa zai ɗauke shi aiki?" Na ambaci gidajen rediyo, da cibiyar koyon kiɗa ta Elhadj Taya, da CELHTO mai tattara tarihin baka a Yamai, amma na san guraben ba su da yawa, ban kuma yi masa alkawarin komai ba.

Shi ma yaron ban bar shi haka ba. Na ce in aikin zai ƙare cikin Faransanci a kan kanta a Yamai, to tsohon ya yi asarar yawunsa. Ya dawo da sautin gari, ya ba gidajen masu taken, ya bar mini kofi don ajina. Ya kuma riƙa sallamar tsohon da wani abu, don makaɗi ba ya kiɗa a banza.

Kafin ya koma, ya kunna wa mahaifinsa guda ɗaya a waya. Taken kakansa ne, mahaifin Alhaji, wanda ya rasu yaron bai san shi ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce a sake. Bai ce ya amince ba. Kuɗin mota dai ya bayar, kuma har yau in mun haɗu a kasuwar Tasawa ba ya tayar da maganar.