Dala goma a hannun ƴar makaranta

Tsakanin karin kumallo da abincin rana akwai sa'o'i biyar ko shida. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci mai yawa lokaci guda. Shi ya sa yunwa kan kama ƴan makaranta wajen ƙarfe goma. Taɓa ɗan abu a wannan lokaci ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne me za a ci, kuma sau nawa.

A Maraɗi akwai wata yarinya ƴar aji huɗu. Kowace safiya uwarta kan ba ta dala goma, wato faran 50. In an fita hutu, mata masu talla suna nan jere a bakin ƙofar makaranta. Ga ƙosai da gujiya, ga aya da dabino, ga kwaɗon zogale. Amma ita sai ta wuce su, ta sayi alewa da biskit. Takan ci rabi, ta ɓoye rabi a aljihu tana tsotsa har a tashi.

Zaƙi yana ruɗin yunwa. Sukari yana shiga jini da sauri, mutum ya ji kamar ya ƙoshi, can an jima yunwa ta dawo. Kafin a tashi yarinyar ta fara hamma, lissafi ba ya shiga kanta. In ta koma gida kuma, sai ta ƙara tsotsar alewa a hanya. A ajiye mata dambu ko shinkafa da wake, ta yi loma biyu ta ture kwano.

Wata rana da dare haƙori ya hana ta barci. Da safe kakarta ta kai ta likita. Mai duba haƙora ya haska bakinta, ya ga rami a turmin haƙori. Ya ce a cikin baki akwai ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cinye bayan haƙori. Miyau yana wanke tsamin nan, amma sai an ba shi lokaci. Wanda ke tsotsar alewa wuni guda bai ba miyau wannan lokaci ba.

Ya ƙara da cewa haƙoran nono 20 ne, suna zuba wasu su fito. Na manya 32 ne, kuma ba su da madadi. Turmin farko na manya yana fitowa tun yaro yana da shekara 6. Shi ne wanda ya rube a bakin yarinyar. An yi sa'a ba a makara ba, aka cike ramin, ba a cire shi ba.

A hanyar gida kakar ta ce: «Ke ƴar nan, kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba wanda ya hana ki zaƙi, amma ki san lokacinsa.»

Yarinyar ta ce: «To, Kaka, me zan saya?»

Ta ce: «Abin da zai riƙe miki ciki.»

Ƙasarmu ba ta rasa irin wannan ba. Gujiya, ƙuli-ƙuli da ƙosai suna gina jiki, kuma suna daɗewa a ciki. Haka cuku da soyayyar fara. Ayar da manoman jihar Maraɗi ke nomawa tana ba da ƙarfi. Mangwaro, wanda ke yawa da bazara, yana da bitamin A mai taimakon ido. Gwaiba, lemu da ƴaƴan kuka suna da bitamin C. Magarya da goruba ma suna zuwa da lokacinsu.

Tun daga ranar yarinyar ta canza tsari. Tana shan koko ko fura kafin ta fita. Da ƙarfe goma takan wanke hannu, ta zauna ta ci ƙosai ko gujiya, ta sha ruwa. Ba ta sayen abin da aka bari a buɗe ƙuda na sauka. In ta tauna gujiya mai ɗaci, sai ta tofar, don ta lalace. Alewa kuwa sai ran Juma'a, bayan abincin rana, kuma ta kurkure baki. Safe da dare tana goge haƙora da asuwaki ko buroshi. Yanzu uwarta ta daina mayar da saura cikin tukunya.

Tambayoyi

1. Me ya sa yunwa ke dawowa da wuri bayan an sha alewa?
2. Yaya sukari yake ɓata haƙori?
3. Haƙoran nono nawa ne? Na manya fa?
4. Ku faɗi abubuwa biyar da ake sayarwa a ƙofar makarantarku. Waɗanne ne ke riƙe ciki?