Tsawar Ranar Lahadi

Mu mazauna Zango a Kumasi, katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabtanmu Kiristoci, labarin cocinsu ba ya ɓuya mana. Wata Lahadi mai wa'azi ya yi tsawa kan iyaye mata masu barin 'ya'ya sai dare. Jama'a suka juyo suna kallon maƙwabciyarmu, bazawara mai sayar da tumatir a kasuwar Kejetia.

Littafinsu, Matiyu sura 18, ya umarci a fara keɓewa da mai laifi, amma ko ƙofarta ba a taka ba, balle a tambayi wa ke biyan kuɗin makarantar yaran. Tun ranar ta ƙaurace wa coci.

Kunya ta kama mu, domin mu ma mun sha yi da ita a gidajen suna.