Kayan Kakanni da Tambayar Yara

A Sokode da Dapaong, cikin ƙasar Togo, akwai gidajen ajiye kayan tarihi. Aikin mai kula da irin wannan gida ya wuce kakkaɓe ƙura, dole ya bi makarantu yana gayyatar yara. Yaron Sokode ya ji yadda fataken Hausa suka riƙa ratsa garinsu zuwa Gwanja sayen goro. Na Dapaong kuwa a kai shi kogon dutsen Nok, ya ga rumbunan da Moba suka gina sa'ad da suke ɓuya saboda mahara.

Waɗansu masu bi sukan hana 'ya'yansu zuwa, wai kayan arna ne. Amma Joshuwa ya kafa duwatsu 12 a Gilgal domin 'ya'ya su tambaya, iyaye su amsa. In yara ba su tambaya ba, tsofaffi za su mutu da labarin.